Jakar hannu da ma'aunin kilo 8: Inda dokar jirgi ke karo da zumuncin karkarar Kano

Daga garin Tofa zuwa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano tafiya ce ta kimanin sa'a guda a mota, daga nan zuwa Jidda kuwa sa'o'i huɗu ne da 'yan kai a sama. Wannan kusanci ya sa hawa jirgi ya daina zama na attajiran birni da manyan ma'aikata kaɗai. Manomin da ya sayar da amfanin gona da shanun da ya kiwata ya biya kuɗin Umara, da ɗan kasuwar hatsi mai hulɗa da Dawanau da zai leƙa Legas ya juyo cikin kwana uku, da tsohuwar da 'ya'yanta za su kai asibiti a Alƙahira, duk layi ɗaya suke bi zuwa gaban kantar awo. A nan ne da yawansu ke fara cin karo da dokar da ba wanda ya yi musu bayaninta a gida, wato jakar da za ta shiga cikin jirgi tare da fasinja tana da iyakar nauyi da iyakar girma, akwai kuma abubuwan da ba sa shiga cikinta ko kaɗan.

Ana iya ɗaukar batun a matsayin ƙaramin al'amari, to amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abubuwan da suka faru a filayen jiragen Najeriya a shekarar 2025 sun nuna cewa jaka tana iya jawo wa mutum asarar kuɗi, ko hana shi hawa jirgi, ko ma ta kai shi kurkuku a ƙasar da ake yanke wa masu safarar ƙwaya hukuncin kisa.

Daga mangala zuwa sikeli

Ƙaramar Hukumar Tofa, da garuruwanta irin su Lambu da Doka da Yanoko da Langel da Janguza, tana cikin yankin nan da ke kewaye da birnin Kano inda gonaki ke manne da juna, ba a barin ƙasa ta huta, kuma kowane gida ya san hanyar birni. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin awo. Sun san nauyin da jaki zai ɗauka a mangala, sun san kwano nawa ke cika buhu. Kakanninsu da suka nufi Makka a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan suna shafe shekaru a hanya, kuma abin da wuya ko dabba za ta iya ɗauka shi ne iyakar kayansu.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ne a watan Nuwamban 1925, lokacin da jiragen sojan saman Birtaniya uku suka iso daga Masar. Bayan da jigilar alhazai ta koma ta sama, sai tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, amma tunanin guzuri bai sauya da wannan sauri ba. Har yau mai tafiyar kwana goma yakan yi shiri irin na mai tafiyar wata uku.

A aikin Hajji, ma'aunin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta shafe shekaru tana aiki da shi shi ne babbar jaka mai kilo 32 da ƙaramar jakar hannu mai kilo 8, kuma hukumomin alhazai na jihohi ne ke raba jakunkunan. A tafiye-tafiyen yau da kullum kuwa kowane kamfani da nasa ƙa'idar. Ga masu kujerun gama-gari, Ethiopian Airlines da Qatar Airways kilo 7 suke bari, EgyptAir kuma kilo 8. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba da jagora cewa kada jakar ta wuce santimita 56 a tsawo, 45 a faɗi, 25 a kauri, har da tayoyi da maɗauki, amma kamfanoni da dama nasu ma'aunin bai kai haka ba. A 2015 ƙungiyar ta yi yunƙurin fito da ma'auni guda ƙarami, sai suka ya yi yawa, musamman daga Amurka, ta janye cikin 'yan kwanaki.

Idan aka mayar da lissafin zuwa harshen manomi, buhun hatsi mai kilo 100 kwano 40 ne, ke nan kwano ɗaya kilo biyu da rabi. Kilo 8 bai wuce kwano uku da ɗan ɗoriya ba. A ciki kuma har da nauyin jakar kanta, wadda idan mai taya ce takan cinye kusan kwano guda tun ba a sa mata komai ba.

Dalilin awon

Fasinjoji da yawa na kallon awon a matsayin wata dabara ta tatsar kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, amma asalin dokar daga lafiyar jirgi ta samo tushe. Kafin jirgi ya tashi sai an ƙididdige nauyinsa da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya, domin da wannan lissafi ake tsayar da yawan man da za a zuba da gudun da zai yi kafin ya ɗaga. A watan Janairun 2003 wani ƙaramin jirgin kamfanin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a birnin Charlotte na Amurka, mutum 21 suka rasu. Bincike ya gano kuskure a gyaran da aka yi wa jirgin, ya kuma gano cewa nauyi ya yi masa yawa, ya rinjaya baya, saboda ƙiyasin nauyin fasinja da kaya da ake amfani da shi ya tsufa. Idan jirgin alhazai mai ɗaukar mutum 500 ya samu kowane fasinja ya ɓoye ƙarin kilo uku, an samu kilo 1,500 ke nan, buhu 15 na hatsi da matuƙi bai san da su ba.

Dalili na biyu shi ne wurin ajiya. Ma'ajiyar da ke saman kujeru tana da iyakar abin da take ɗauka, kuma jaka mai nauyi idan ta suɓuto a kan mutum rauni ne. A ƙananan jirage masu kujeru 50 samfurin Embraer 145, irin waɗanda Rano Air ke amfani da su a zirga-zirgar cikin gida, ma'ajiyar gefe ɗaya take kuma ƙarama ce, shi ya sa ake karɓe jakunkuna masu taya a bakin matakala a sa su a ƙasan jirgi. Wanda ya bar kuɗi ko magani ko takardu a cikin irin wannan jaka ya rabu da su ke nan har sai an sauka.

Na uku shi ne ficewar gaggawa. Ana ƙera jiragen fasinja ne bisa sharaɗin kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofin. A ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya kama da wuta bayan karo da wani jirgi a filin Haneda da ke Tokyo, amma duk mutum 379 da ke ciki suka fita da rai, kuma an yaba da yadda suka bar jakunkunansu suka bi umarnin ma'aikata. A Mosko kuwa, a gobarar jirgin Aeroflot ta watan Mayun 2019 da ta ci mutum 41, an ga hotunan wasu da suka tsira riƙe da jakunkuna, abin da ya tayar da muhawara mai zafi.

Ɓangaren kuɗin ma gaskiya ne. A Turai kamfanoni masu araha sun mayar da jakar hannu haja, har a watan Nuwamban 2024 gwamnatin Sifaniya ta ci tarar biyar daga cikinsu Yuro miliyan 179 kan wasu ɗabi'u da suka haɗa da cajin kuɗin jakar hannu. A watan Yunin 2025 kwamitin sufuri na Majalisar Turai ya goyi bayan a bai wa kowane fasinja damar shiga da jaka mai kilo 7 kyauta. A Najeriya ba a kai ga sayar da wannan dama ba, amma kuɗin da ake biya kan kowane kilo da ya haura a tafiyar ƙasashen waje yakan fi darajar kayan da ake biya wa.

Ruwa da batiri

Ƙa'idar da ta fi jawo cacar baki a bakin na'urar tantance kaya ita ce ta abu mai ruwa. Ta samo asali ne daga watan Agustan 2006, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da sinadarai da aka zuba a kwalaben lemo. Tun daga nan, a yawancin filayen jiragen sama, ba a shiga jirgi da mazubin da ya wuce mililita 100. Girman mazubin ake dubawa, don haka babbar kwalba ko da rabi ce ba ta wucewa. Zuma da man shanu da man gyaɗa da man shafawa da babbar kwalbar turare duk sun faɗa cikin wannan hukunci. Ana sassauta wa magani da abincin jarirai, bisa sharaɗin a nuna su.

Yadda wannan ƙa'ida ba ta duba girman mutum ya fito fili a ranar 5 ga Agustan 2025 a filin jirgin Abuja, inda mawaƙin Fuji, Wasiu Ayinde, wanda aka fi sani da KWAM 1, ya samu saɓani da ma'aikatan ValueJet kan wani filas da ya so shiga jirgi da shi. Rikicin ya kai shi ga tsayawa a gaban jirgin, aka dakatar da matuƙa biyu, shi kuma aka hana shi hawa jirgi na wani lokaci kafin ya nemi afuwa a sassauta masa.

Batirin cajin waya, wato fawa-bank, nasa hukuncin akasin haka ne: a jakar hannu ake sa shi, haramun ne a jakar awo, domin idan ya yi zafi ya kama wuta a ƙasan jirgi babu mai gani. A ƙauyukan da wutar lantarki ba ta zama, kusan kowane mai waya yana da shi, kuma kasuwa cike take da jabu. Bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a watan Janairun 2025, wadda bincike ya alaƙanta da irin wannan batiri a ma'ajiyar saman kujera, kamfanoni da dama sun ƙara tsanantawa. Emirates ya hana amfani da shi a cikin jirgi daga 1 ga Oktoban 2025. Wuƙa da aska da reza da almakashi mai tsawo su kuma wurinsu jakar awo.

Guzuri, tsaraba da saƙo

Abin da ke cika jakar Bahaushe ba tufafinsa ba ne. A tafiya, guzuri ne: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, yaji, kuka da daddawa. Wannan ba kwaɗayi ba ne kawai, domin guzurin da aka bai wa alhazan 2025 Dala 500 ne, bayan kujerar ta ci sama da Naira miliyan takwas, ga kuma tsoho da cikinsa bai saba da abincin Larabawa ba. Goro kuwa hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi, kuma kusan kowace shekara sai NAHCON ta maimaita gargaɗi a kai.

A dawowa, tsaraba ce. Mutumin da dangi da maƙwabta suka raka har bakin mota, wasu ma suka ba shi gudunmawa, ba ya iya dawowa hannu rabbana. Dabino da bagaruwa da carbi da zobe da darduma da jallabiya, kowa da nasa rabon, kuma a ƙauyen da gidaje ke haɗe da zumunci jerin sunayen ba ya ƙarewa. Idan babbar jaka ta cika sai a koma kan ƙarama, idan ita ma ta cika sai a sa riga uku a jiki, a rataya wata jakar a ƙarƙashin hijabi. Wasu kan cusa gorar Zamzam a tsakiyar tufafi, alhali hukumomin Saudiyya sun hana sa shi a cikin jaka, na'ura kuma tana gani, a farke jakar a cire. Ga alhazai, NAHCON tana kawo lita biyar-biyar ta kowa a jiragen da ke dawowa babu fasinja, a raba a gida. Wani abin lura shi ne yawancin kayan tsarabar ba a Saudiyya ake yin su ba, ana kuma samun irinsu a Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi da shagunan da ke kewayen sansanin alhazai, wani lokacin ma a farashi mai sauƙi.

Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne saƙo. A al'adar karkara ba a ƙin karɓar saƙo, ba a kuma kwance ƙullin da aka ba mutum amana, domin yin haka tamkar zargi ne. A filin jirgi kuwa doka ba ta san mai saƙo ba, wanda kaya ke hannunsa ko ke ɗauke da sunansa shi ne mai kaya. A watan Afrilun 2019 Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan wata 'yar Najeriya bisa laifin safarar ƙwaya. A watan Maris na 2025 kuma jami'an Kwastam a filin jirgin Kano sun gano sama da Dala miliyan ɗaya da aka ɓoye a cikin kwalayen dabino daga Saudiyya, alhali doka ta wajabta bayyana duk kuɗin da ya haura Dala 10,000.

Kilon da aka bari fanko

Ga mai gajeriyar tafiya, tsayawa kan jakar hannu kaɗai yana da fa'ida bayyananniya. Ba ya jiran kaya bayan sauka, ba ya fargabar ɓatan jaka, wadda ko ta makara abin da ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta tanada na biyan buƙatar gaggawa Naira 10,000 ne a tafiyar cikin gida, Dala 170 a ta waje. To sai dai a Kano akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Fasinjan da bai auna kaya ba, ko ya auna kaɗan, ya bar kilo masu yawa fanko a ƙarƙashin sunansa, kuma waɗannan kilo kuɗi ne a wurin wasu.

A ƙarshen Disamban 2018 an kama wata ɗalibar Jami'ar Maitama Sule a Madina bayan an samu Tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya nuna wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka liƙa wa jakar sunanta ba da saninta ba, amma sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Shekara shida bayan haka abin ya maimaitu. A watan Agustan 2025 an tsare masu Umara uku a Jidda waɗanda suka tashi daga Kano, NDLEA kuma ta sanar da kama gungun da ya ƙara jakunkuna da sunayensu, ciki har da ma'aikatan da ke hidimar kaya a filin. An sako su a watan Satumba bayan gwamnati ta shiga tsakani.

Darasin a bayyane yake. Rage kaya kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da sa ido kan abin da aka rubuta da sunan mutum. Kowace jaka da aka auna tana da 'yar takarda mai lamba da ake manna wa fasinja a bayan takardar shiga jirgi ko fasfo. Wanda ya auna jaka ɗaya ya tabbata lamba ɗaya aka ba shi, wanda bai auna ba ya nemi ma'aikacin kanta ya tabbatar masa babu kaya a sunansa. Miƙa fasfo da tikiti ga wani ɗan kamasho ya je ya yi wa mutum awo, ko sayar wa 'yan Kano-Jidda ragowar kilo, shi ne ƙofar da ɓarna ke shigowa. Wanda ya fi faɗawa wannan tarko shi ne baƙon filin jirgi, wanda ba ya karanta boko, yake kuma jin kunyar yin tambaya.

Shirin da ya dace

Shirya kilo 7 ko 8 don tafiyar mako ɗaya ko biyu abu ne mai yiwuwa. Jakar goyo ko ta yadi marar taya tana rage nauyin banza. Kaya kala uku marasa nauyi sun isa tunda ana wanki, mafi nauyin tufafi da takalmi kuma a jiki ake sa su. Mai Umara da zai sauka Jidda kai-tsaye ya sa Ihraminsa a jakar hannu, domin a sama ake wuce miƙati. Fasfo da kuɗi da waya da magunguna, tare da takardar likita, suna zama a 'yar jakar da ba ta rabuwa da jiki. Sikelin mai sayar da taki ko hatsi a kasuwar ƙauye ya isa a gwada jaka tun kafin a bar gida. Ko a jakar awo ma, Ethiopian Airlines ya daina karɓar jakar nan ta Ghana Must Go daga Najeriya tun watan Nuwamban 2023, saboda yadda take maƙalewa a injin jan kaya.

Nauyin da ke kan hukumomi

Ba duka laifin ke wuyan matafiyi ba. Maniyyacin Hajji yana samun bita a ƙaramar hukumarsa na tsawon makonni, amma mai Umara da mai zuwa asibiti da ɗan kasuwa babu mai yi musu, kuma kamfanonin shirya tafiye-tafiye da dama aikinsu yana ƙarewa ne da miƙa biza da tikiti. Ƙa'idojin kaya da Turanci ake rubuta su a jikin tikiti da shafukan intanet, a filin jirgin da mafi yawan fasinjojinsa Hausa suke ji. NCAA da hukumar filayen jiragen sama ta FAAN suna da ikon wajabta allunan bayani da sanarwa da Hausa, har da Ajami, da ajiye sikeli da ma'aunin jaka kyauta a ƙofar shiga, yadda mutum zai rage kaya tun 'yan rakiya ba su juya ba.

NAHCON, wadda ita ke ba kamfanonin Umara lasisi, tana iya sa bitar kaya ta zama sharaɗi. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano kuma tana iya kai sikeli da samfurin jaka wuraren bita a Tofa da sauran ƙananan hukumomi, a auna a gaban jama'a kowa ya gani. Mafi muhimmanci shi ne kantar awo: muddin ana iya ƙara jaka a sunan fasinja ba tare da yana tsaye a wurin ya sa hannu ba, abin da ya faru a 2018 da 2025 yana iya sake faruwa. Saura kuma limamai da masu unguwanni, waɗanda maganarsu ke da nauyi a karkara, su fahimtar da jama'a cewa matafiyin da ya ce a kwance saƙo a gabansa, ko ya ce jakarsa ta cika, bai yanke zumunci ba.